Karatun Tsince da Karatun Tuƙa: Abin da Waya Ke Yi wa Ƙwaƙwalwar Mai Karatu

Duk wanda yake Gusau a Satumbar 2021 ba zai manta da lokacin da aka wayi gari waya ba ta da sauran amfani sai haska ɗaki da duba lokaci ba. A ranar 3 ga watan ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jiha, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Mako biyu aka ce da farko. Sai da Oktoba ta kama aka mayar wa Gusau, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka kai har ƙarshen Nuwamba. An ji jiki. Masu POS sun rufe rumfuna, mai kuɗi a banki yana ji yana gani ya kasa taɓa abinsa, mutane na biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai su ji muryar ɗan'uwa su juyo. Allah kada ya maimaita mana.

Amma a cikin wannan ƙunci na ga wani abu a jikina wanda har yau ban daina juya shi a rai ba. Makon farko hannuna bai bar zuwa aljihu ba. Na san babu sabis, duk da haka sai in ciro wayar, in buɗe, in leƙa, in mayar. Na ɗauko wani littafin tarihi da na daɗe da saye ban taɓa wuce gabatarwarsa ba, na zauna da shi bayan la'asar, ko shafi uku ban kai ba na ji kamar ana tsikara ta in tashi. A mako na biyu abin ya fara lafawa. Kafin na uku ya ƙare, ina iya zama daga bayan isha'i har dare ya raba ina karatu, washegari kuma in ba abokan hira labarin abin da na karanta dalla-dalla, har da sunayen garuruwa da na sarakuna. Wani dattijo a majalisarmu ya dube mu wata rana ya ce, "Tun da anka ɗauke sabis ɗin ga kun koma mutane. Da can ana yi maku magana kuna kallon tahin hannu." Da aka dawo da layi, ko mako ban cika ba na koma gidan jiya.

Idona bai sauya ba a cikin makonnin nan, littafin ma shi ne dai. Abin da ya sauya yana can cikin kai, kuma shi nake so mu warware, don ni malamin makaranta ne, kullum ina ganinsa a fuskar yaran da ke gabana.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa mutanen yanzu ba sa karatu. Wannan magana tana buƙatar gyara. Babu zamanin da Bahaushe ya taɓa karanta kalmomi masu yawa kamar wannan. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a Agustan 2001, wanda ya tsaya a firamare yana iya shekara bai karanta komai da boko ba in ban da allon shago da katin ɗaurin aure. Yau ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja a bakin kasuwa yana karanta saƙonni tun daga asuba. Matan aure a cikin gidaje suna bin littattafan Hausa da marubuta ke sakewa shafi-shafi a WhatsApp, wasu har da biyan kuɗi ta banki ko ta katin waya kafin a saka su a zauren. A 2014 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton wani bincike da ta yi a ƙasashe bakwai, har da Nijeriya, kan mutane sama da 4,000 masu karatu a waya, ta gano cewa wayar ta kai karatu inda littafi bai taɓa zuwa ba, kuma mata sun fi maza daɗewa a kansa nesa ba kusa ba. Wannan alheri ne, kuma duk wanda zai yi maganar illar waya ya fara amsa shi tukuna.

Matsalar tana ga irin karatun. Dubi kaza a tsakar gida: ta tsinci ƙwaya nan, ta ruga can, ta ɗaga kai, ta dawo, ba ta minti guda a wuri ɗaya. Dubi saniya kuma bayan ta dawo kiwo: ta kwanta a inuwa, ta dawo da abin da ta ci tana tuƙa a hankali har ya narke ya zama nono. Karatu ma haka yake, akwai na tsince akwai na tuƙa. Dukansu suna da amfani. Mai neman farashin taki ko sakamakon ƙwallo ba ya buƙatar tuƙa. Sai dai da na tuƙa ne kaɗai ake bin doguwar hujja daga farkonta zuwa ƙarshenta, a riƙe abin da marubuci ya faɗa a shafi na 10 har a gane ya saɓa wa kansa a shafi na 60, a shiga zuciyar wani mutum a ji abin da yake ji. Waya kuwa tun safe har dare tsince take koya mana.

Dalilin da ya sa wannan koyarwa take kama jiki shi ne, ba a haifi ɗan Adam da karatu ba. Magana kam da ita ake tasowa: ajiye jariri a gidan Hausawa, ba wanda zai zaunar da shi da allo, zai tashi yana Hausa. Rubutu baƙo ne, bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba da aka fara shi a yankin da ake kira Iraƙi a yau. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya nuna cewa idan mutum ya koyi karatu, wani ɗan wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda asalin aikinsa gane siffofin abubuwa da fuskoki ne, shi ake hora ya koma gane haruffa, sannan a haɗa shi da wuraren da ke kula da sauti da ma'ana. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka fitar a 2010, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a Burazil da Fotugal: waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba, da waɗanda suka koya da girmansu, da waɗanda suka koya tun suna yara. Sun tarar har wanda ya koya da girma ƙwaƙwalwarsa ta sauya. Ga masu zuwa ajin yaƙi da jahilci da furfura a kai, wannan albishir ne.

Sai dai abin da aka gina da horo, horo ne ke riƙe da shi. Kamar turba ce a cikin gona. Ba wanda ya shata ta, ƙafa ce ta yi ta bi har ciyawa ta mutu. In aka daina bi damina ɗaya, sai ciyawa ta rufe ta, wata sabuwa ta fito inda ƙafa ta koma. Maryanne Wolf, wata masaniya 'yar Amurka da ta shafe shekaru da yawa tana nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke karatu, ta ba da labarin kanta cewa bayan shekaru tana aiki a gaban kwamfuta, ta ɗauko wani littafi da take matuƙar so tun ƙuruciya ta kasa karanta shi. Ya yi mata nauyi, ya yi mata jinkiri. Sai da ta ɗora wa kanta minti 20 kullum har kusan mako biyu kafin ta dawo daidai. Da na ji wannan sai na tuna makonnina uku na Satumba. Turbar ba ta ɓace ba, ciyawa ce ta rufe ta.

Ta ina ciyawar ke shigowa? Ta ido take farawa. A 2006 wani mai bincike, Jakob Nielsen, ya sa na'urar bin motsin ido ta bi mutum 232 suna duba shafukan intanet. Yawancinsu sukan karanta layin farko sosai, su gangaro su karanta rabin wani, daga nan sai ido ya zarce ƙasa ta gefen hagu yana lasar farkon layuka, abin ya ba da siffar harafin F. Wato ido ya koyi farautar kalma. Wanda ya yini yana wannan farauta, in ya buɗe littafin kimiyya da dare, idon nan dai shi zai kai.

Sai kuma tsalle-tsallen hankali. Gloria Mark ta Jami'ar Kaliforniya ta shafe kusan shekara ashirin tana auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa kan abu ɗaya a fuskar na'ura kafin su koma wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko daƙiƙa 75. A shekarun baya-bayan nan ya koma wajen daƙiƙa 47. A nan sai an yi hattara, don akwai wata magana da ta zagaye duniya cewa hankalin ɗan Adam ya koma daƙiƙa 8, wai ko kifi ya fi mu. Wannan ba ta da tushe a wani sahihin bincike, kuma yadda ta bazu ba tare da an tambayi asalinta ba shi kansa alama ce ta ciwon da muke magana a kai. Abin da Mark ta auna ɗabi'a ce, yadda muke yi, ba iyakar abin da za mu iya ba. Yaron da aka ce ba ya iya natsuwa, shi ne ke zama minti 90 a gidan kallon ƙwallo ko ƙiftawa ba ya son yi.

Illar tsallen ita ce hankali ba ya dawowa gaba ɗaya. Ka bar littafi ka leƙa saƙo na daƙiƙa goma, ka dawo, amma wani yanki na tunaninka ya maƙale can yana saƙa amsar da za ka bayar. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta bayyana wannan a 2009: ragowar aikin da aka bari yana bin mutum zuwa aiki na gaba ya rage masa ƙarfi. Duk macen da ta taɓa girki da icce ta san wannan. Tukunyar da ake saukewa daga murhu kowane minti biyu ba za ta tafasa ba, ko da ta yini ana ɗora ta, icce ne kawai zai ƙare. Ɗalibin da ya ce mini ya kwana yana karatu amma bai riƙe komai ba, ba na ƙaryata shi. Ya kwana ɗin, tukunyar ce ba ta taɓa tafasa ba.

Ba kuma na yarda a ɗora wa yaran laifin duka, a ce raunin zuciya ne. Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar kuɗi a hannunmu don lokacinmu suke sayar wa masu talla. Gwargwadon daɗewarka, gwargwadon cinikinsu. Saboda haka aka zuba ƙwararru da dukiya wajen ƙera abin da zai hana ka ajiyewa. Littafi yana da ƙarshen shafi da ƙarshen babi, wuraren da mutum zai ɗaga kai ya numfasa. Jarida tana ƙarewa. A 2006 wani injiniya, Aza Raskin, ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, kana shafawa sabo na ɓullowa, rijiya gaba dubu. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Tun kafin nan, masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya gwada da tantabaru ya ga cewa idan ƙwaya tana faɗowa wani lokaci, wani lokaci kuma babu, ba tare da an san yaushe ba, tsuntsun ya fi naci wajen saran maɓalli fiye da in kullum yana samu. Sirrin caca ke nan. Shi ne kuma sirrin hannuna da ke zuwa aljihu a garin da babu sabis: wataƙila wannan karon akwai wani abu.

To in aka kashe data, aka bar mutum da rubutu zalla a gilashin waya, shi da mai takarda ɗaya suke? A 2018 wasu masana daga Sifaniya da Isra'ila, Pablo Delgado da abokansa, sun tattara bincike 54 da suka shafi mutane sama da 170,000 suka auna. Sakamakon: mai karatu a takarda ya ɗan fi fahimta. Tazarar ba babba ba ce, kuma a labaran hira kusan babu ita. Inda take fitowa shi ne rubutun bayani, irin na darasi, musamman in an ƙayyade lokaci. Abin da ya fi ɗaure kai, an zaci tazarar za ta riƙa raguwa yayin da yaran da suka tashi da na'ura ke girma, sai aka ga ƙaruwa take yi daga shekara zuwa shekara. Ɗaya daga cikin masanan, Rakefet Ackerman, ta riga ta nuna wani abu a binciken da ta yi tun 2011: mai karatu a gilashi ya fi saurin jin cewa ya gane, sai ya rufe da wuri, alhali bai kai inda yake zato ba. Wannan shi ne ainihin abin da nake gani a aji. Yaro ya shafa darasi a waya sau biyu, ya ga kalmomin sun zama sanannu a ido, ya ɗauka sanin ke nan. Ranar jarrabawa sai ya tarar kallon kitse ya yi wa rogo.

Me ya sa takarda ta fi riƙe mutum? Amsar tana hannun mahaddatanmu tun kafin Turawa su auna. Tambayi duk wanda ya haddace Alƙur'ani a Islamiyya, zai gaya maka malaminsa ya hana shi sauya mushafi. In da bugun Madina ya fara, mai shafi 604, kowane shafi layi 15, to da shi zai ƙare. Idan ya kakare a tilawa, sai ya rufe ido ya ga ayar: tana shafin dama, can ƙasa, layi na biyu daga ƙarshe. Almajirin tsangaya kuwa ya ma fi haka, don shi da hannunsa ya rubuta a allo, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Ya san ayar da yatsunsa, da muryarsa, da ƙanshin tawada. Ƙwaƙwalwa tana ajiye magana tare da mazauninta, kamar yadda kake tuna gidan aboki da bishiyar da ke ƙofarsa. Littafi yana ba ka wannan: nauyin abin da ka karanta a hannu ɗaya, na abin da ya rage a ɗaya hannun. Rubutun waya kuwa gudana yake kamar ruwan gulbi. Jumlar da ke sama yanzu, anjima tana tsakiya, anjima ta wuce, ba ta da gida balle a koma a same ta.

Daga nan sai maganar hadda ita kanta. Ɗalibai kan ce mini, "Malam, me ya sa za mu haddace abin da in muka latsa waya za mu gani?" Tambaya ce mai ma'ana, ba na raina ta. A 2011 Betsy Sparrow da abokanta sun ba da rahoton cewa idan mutum ya san an adana masa bayani a kwamfuta, ya fi tuna inda aka ajiye fiye da bayanin kansa. Wani ɓangare na binciken da aka sake gwadawa daga baya bai ba da sakamako iri ɗaya ba, don haka ba a gama da maganar ba. Tsoron ma tsoho ne. Shekara kusan 2,400 da suka wuce, Sokiratis na Girka ya yi fargabar rubutu zai sa mutane mantuwa, ya ba su kamannin ilimi ba ilimi ba, kuma da almajirinsa Aflatun bai rubuta wannan fargaba ba da ba mu ji ta ba. Amsar da nake ba ɗalibaina ita ce, mutum ba ya tunani da abin da ke cikin waya, da abin da ke cikin kansa yake yi. Sabon bayani sai ya sami tsoho a ciki ya kama, kamar yadda rumfa ke buƙatar dirka. Wanda bai san komai game da Daular Usmaniyya ba, ko ka tura masa shafi ɗari a kan yaƙin Alƙalawa, ba shi da inda zai rataye su. Malamanmu na zaure sun daɗe suna cewa ilimi a ƙirji yake, ba a layin takarda ba. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, ke taƙaita wa ɗalibi littafi sukutum cikin layi goma, maganar ta ƙara nauyi. Taƙaitawar tana iya zama daidai, amma tuƙar da ya kamata ta gina shi, na'ura ce ta yi.

Barci ma yana ciki, ba sai an tsawaita ba: wani gwaji da aka yi a Boston aka fitar a 2015 ya nuna masu karatu a gilashi mai haske kafin kwanciya sun fi jinkirin yin barci, kuma sinadarin melatonin da ke kawo barcin ya ragu a jikinsu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka koya da rana.

Duk waɗannan bincike a kan mutanen da suka riga suka iya karatu sosai aka yi su, waɗanda turbarsu ta daɗe da fitowa kafin ciyawa ta zo. Namu halin ya bambanta, kuma shi ya fi hana ni barci. Yaron da ya shiga firamare a Zamfara wajen 2018 ya gamu da rufe makarantu na korona a 2020, ya gamu da rufe makarantun kwana bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, ya gamu da wata rufewar a Satumbar shekarar. Wani ma iyayensa sun baro ƙauye da shi ba shiri, ya yi shekara bai ga allo ba. Irin wannan yaro yana haɗa baƙi da wasali da kyar, sai ga waya ta zo masa da hanyar da ba ta bi ta kan harafi ko kaɗan: ya danna ya yi magana, ya danna ya saurara, ya shafa ya kalli bidiyo. Saƙon murya rahama ne ga innarmu da ke ƙauye wadda ba ta yi boko ba, tana jin jikokinta ba tare da ta nemi mai karanta mata wasiƙa ba. Amma ga ɗan shekara goma sha biyu, ya ɗauke masa larurar da za ta tilasta shi ya koya. An ce karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma. Yaron da aka miƙa wa alewa a daidai lokacin da yake fama da maɗacin, da wuya ya daure har ya kai ga zumar.

Ga kuma abin da karatun tsince ke jawowa a wurin da tsaro ya taɓarɓare. Wanda ya saba da kanun labari kawai ba ya tsayawa ya ce, wa ya faɗa, yaushe, a ina. Mun ga haka a Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Aka tashi mutane daga barci, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. A nan kuwa, hoton wani hari na shekarun baya ko na wata ƙasa sai ya dawo da sunan ƙauyen da ke kusa da kai, kafin a tantance hankalin gari ya tashi. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019 saboda irin wannan. Abin da ke ba ni takaici, mu ne al'ummar da ta gaji ilimin isnadi, inda ba a karɓar magana sai an san wanda ya ji daga wa.

Ƙasar nan ba baƙuwar karatun tuƙa ba ce. 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi kuma sun yi shekaru suna karantarwa da wa'azi a ƙasar Zamfara. Tsarin da suka bari yana nan a zaurukan Gusau da Kauran Namoda da Talatar Mafara. Almajiri ya buɗe littafinsa ya ja layi biyu ko uku, malam ya fassara, ya warware, ya tsaya. In almajiri ya ce, "Allah gafarta Malam, a ƙara mini," sai a ce ya je ya yi muɗala'a tukuna. Gobe sai ya biya na jiya kafin a yi masa ƙari. Kaɗan-kaɗan, da murya, da maimaici, a gaban wanda zai kama kuskure. Ba ina cewa zamanin da ya fi ba. Littafi ya yi ƙaranci, masu samun damar kaɗan ne, mata da yawa an bar su a baya, kuma karatun aku, a haddace ba a gane ba, shi ma yana nan tun da can. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau a yau yana da littattafai a aljihunsa da malamin 'Yandoto zai yi tafiyar wata da wata bai samu rabinsu ba. Littattafan sun samu, zaman da za a yi da su ne ya yi wuya.

Wasu ƙasashe sun fara ja da baya. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa yara na'ura a aji, ta sanar a 2023 cewa za ta mayar da ƙarfi kan littafin takarda da rubutun hannu a ƙananan azuzuwa. Mu ba mu da wannan zaɓi cikin sauƙi. Takarda ta yi tsada, uban da ke fama da kuɗin masara ba za ka ce masa ya sayi littafi takwas ba, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ke nan dole yaranmu su iya tuƙa a kan gilashin ma. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne su sauke darasin, su kashe data, su ɗauki biro da takarda ko ta bayan kalanda ce, duk sakin layi su rubuta abin da suka gane da Hausarsu, sannan su kife wayar su faɗa wa na kusa da su abin da suka karanta. Biya ke nan irin ta zaure, ba wani sabon abu ba. Iyaye kuma da suka iya karatu, ko minti goma ne bayan magariba su karanta wa ƙanana labari da babbar murya, da Hausa, wayarsu tana ɗaki. Yaro abin da ya ga hannun babba na riƙe da shi yake sha'awa.

A ajina mukan ware minti 20 na farkon darasin ranar Laraba, kowa da abin karatunsa, ba magana. Makonnin farko kujeru sai ƙara suke, ana waige-waige, ana neman izinin fita. Zuwa tsakiyar zango yawanci sun lafa, har akan sami wanda ƙararrawa za ta kaɗa bai ji ba. A cikin shirun nan ne na lura da wasu da ba sa motsi kuma ba sa juya shafi. Sun kafa wa takarda ido ne kawai don kada a gane. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na tarar sun kai babbar sakandare ba su iya haɗa jumla ba, kuma kusan kowannensu yana da shafi a TikTok. Su bakwai ne a bana. Ranar Asabar da hantsi muke haɗuwa, mun fara daga ba, bi, bu.